Daga Turmi Zuwa Leda: Tarihin Bushewar Cikin Ɗaliban Lafiya

A shekarar 1972 mujallar likitoci ta Lancet da ke fitowa a Landan ta buga wani bincike a kan abin da mutum ba ya ambata a gaban surukansa. Masana uku ne suka sa masa hannu, Denis Burkitt da Alec Walker da Neil Painter, kuma aikin da suka yi shi ne ɗora bayan gidan mutane a kan ma'auni, da ƙidaya sa'o'in da abinci ke ɗauka tun daga baki har fitarsa. Mutanen ƙauye a Uganda, masu cin hatsi da wake da ganye yadda ƙasa ta ba su, nasu ya kai kimanin giram 470 a yini, abincin kuma yakan ratsa cikinsu a cikin sa'o'i 36. Sojojin ruwan Ingila da matansu, masu farin burodi da sukari, nasu da ƙyar ya haura giram 100, kuma sai ya shafe fiye da sa'o'i 80 yana kwance a hanji. Waɗannan alƙaluma biyu su aka fi yayatawa. Amma a tsakiyar jadawalin akwai wani rukuni da ya fi shafar mu, wato ɗaliban makarantar kwana a Ugandan. Jininsu ɗaya da mutanen ƙauyen, ƙasa ɗaya, rana ɗaya ke dukan su, sai dai tukunyarsu ta makaranta ce, mai gaurayen abincin gida da na kanti. Nasu bai kai rabin na ƙauye ba, kuma tafiyar abinci a cikinsu ta ƙara nawa. Ashe hanji tukunya yake bi, kuma makaranta na cikin ƙofofin farko da sabuwar cima ta bi ta shigo Afirka. Ɗalibin likita ko ɗalibar jinya da ke fama da bushewar ciki yau a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai magajin waɗancan ɗalibai ne. Abin da ke damun sa yana da tarihi, kuma mafi yawan wannan tarihi ba shi ya rubuta shi ba.

Shi Burkitt likitan tiyata ne ɗan Ailan, an haife shi a 1911, ya isa Uganda a 1946, ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kampala. Sunansa ya fara fita ne a 1958 da ya bayyana wata cutar daji mai kama muƙamuƙin yara, wadda har yau da sunansa ake kiran ta. A Mulagon akwai wani likita, Hugh Trowell, wanda ya shafe shekaru kusan 30 a Gabashin Afirka, ya kuma wallafa littafi a 1960 inda ya jero cututtukan da suka cika asibitocin Turai amma da wuya yake cin karo da su a majinyatansa. Akwai kuma T. L. Cleave, likitan sojan ruwan Ingila, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa ba matuƙan jirgin yaƙinsa dusar alkama don cikinsu ya saki. Cleave ya ɗora laifin a kan tace abinci. Wajejen 1880 injinan niƙa masu nadin ƙarfe suka maye gurbin dutse a Ingila, suka iya raba farin gari da dusa tsaf, farin burodin da a da sai mai hali ya zama abincin talaka. Burkitt ya ɗauki wannan ra'ayi ya haɗa da abin da idonsa ya gani a Afirka, ya ce bushewar ciki da basir da ciwon afendis da dajin babban hanji duk suna da hannun wannan tacewar. Abin da ya rage a cimar Turawa shi ne faiba, wanda wasu marubutanmu ke fassarawa da harza: ɓangaren tsiro da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, wanda ke isa babban hanji ya riƙe ruwa, ya ciyar da ƙwayoyin halittar da ke zaune a can, ya ba bayan gida jiki da laushi. Babin harza da ake karantar da ɗalibin likita a ajinsa na biyu, daga cikin kakannin 'yan Afirka aka fara karanto shi.

To mece ce cimar Bahaushe kafin wannan sauyi? A nan ne mai gardama zai fara tsayar da mu, kuma yana da gaskiya. Zai ce ai Bahaushiya ba ta taɓa tuƙa tuwo da dusa ba. Gero ko dawa sai an surfa a turmi, a bakace, a wanke, sannan a kai dutsen niƙa ko a daka, a tankaɗe. Dusar kuwa ta akuya ce da kaji. Haka ne. Sai dai surfen taɓarya da tacewar injin ƙarfe ba su zama ɗaya ba. Taɓarya saman ƙwaya take karcewa, ba ta iya kwashe fatar duka, ballantana ƙwayar gero da ƙanƙantarta ta sa ba a raba ta da rigarta cikin sauƙi. Shi ya sa tuwon gero da fura ba su taɓa yin farin semo ba. Sannan tuwo ba ya tafiya shi kaɗai. Miyar kuka ganye ne da aka shanya aka daka, ana cinye shi ɗungurungum. Haka kuɓewa da karkashi da lalo. Ga kwaɗon zogale da rama da tafasa, ga fate da dambu waɗanda ganye ke kusan rinjayar tsaki a cikinsu, ga wake da ke shiga ɗanwake da ƙosai da alala. Yaro kuma tsakanin kalaci da tuwon dare bakinsa ba ya hutawa da goruba da magarya da kanya da ɗinya da aduwa da garin ɗorawa da aya. Babu wanda ya tsara wannan da sunan kiwon lafiya; abin da daji da gona suka bayar ke nan, wani lokaci ma talauci ne ya tilasta. Amma hanji ba ya tambayar dalili.

Gardama ta biyu ta fi wannan nauyi. Idan cikin mutanen da lafiyarsa ƙalau, me ya sa kasuwar maganin wankin ciki ta tsufa haka? Bahaushe ya san filasko, ya san jiƙon tsamiya, ya san kanwa da man zurma. Masu sayar da magungunan Musulunci suna da sanamaki, ganyen da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito hadisin Asma'u bint Umais a kansa, wanda kuma aka daɗe ana tara shi a Sudan ana gangarowa da shi ta Kogin Nilu zuwa Iskandariyya, har Turawa suka laƙaba masa sunan wannan birni. Kundin magani na Misra da ake kira Ebers, wanda aka rubuta wajejen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, cike yake da magungunan sakin ciki. Wannan duka gaskiya ne, kuma ya tabbatar da cewa bushewar ciki tsohuwar cuta ce. Abin da bai tabbatar ba shi ne yawanta. Kaso mai tsoka na wankin ciki ba don ciki ya bushe ake yin sa ba. Ana yin sa ne saboda imanin cewa datti na taruwa a ciki ya zama tushen kowace cuta, don haka sai an riƙa share shi lokaci-lokaci kamar rumbu. Ba mu kaɗai muka riƙe wannan imani ba. A farkon ƙarni na 20 wani shahararren likitan tiyata na asibitin Guy's da ke Landan, William Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke babban hanjin mutane yana cirewa bisa hujjar cewa gubar da ke taruwa a ciki ce ke sa su ciwo. Likitanci ya yi watsi da wannan aƙida tuntuni. A wajenmu tana nan da ranta, tana yawo a bayan mota da lasifika a bakin kowace tasha, kuma ita ce gadon da ya fi cutar da ɗalibin yau, domin ta koya masa cewa maganin ciki shi ne a kore shi da ƙarfi sau ɗaya, a koma gidan jiya.

Sauyin cimar kuwa ana iya bin sawunsa da shekaru. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An daɗe ana noma ta a fadama, ana yin alkaki da finkaso da gurasa da taliyar hannu. Amma abincin biki ce da na manyan gidajen birni, kuma dutse ke niƙa ta. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a Apapa ta Legas don niƙa alkamar da ake shigowa da ita daga waje, a shekarun 1970 aka buɗe irinsa a Kano. A daidai wannan lokaci fari ya cinye amfanin gona a Arewa da Nijar, kuɗin man fetur kuma suka ɓarke, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata, jiragen ruwa suka yi layi da shinkafa da alkama. Burodi ya zama karin kumallon leburan birni da ɗan makaranta, teburin mai shayi ya zama wurin zama. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka rubuta littafi sukutum a kan yadda Nijeriya ta faɗa tarkon alkama. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, amma harshe ya riga ya saba, bayan 'yan shekaru aka ɗage haramcin. Sannan taliyar Indomie ta Indonesiya ta iso a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Cikin shekaru 40 abin da ya ci Doma ya iso Awe: tafiyar da Ingila ta yi daga 1880, mu ma muka yi ta, da farin gari da farar shinkafa da lemon kwalba. Ko hatsin gida bai tsira ba, domin injin surfe da na niƙa da ke kowace unguwa sun fi taɓarya iya aski.

Jami'a tana da nata ɓangaren a wannan labari. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci a 1967, ɗalibi yana da ɗakin cin abinci da gwamnati ke tallafawa, sau uku a yini, da tikiti. Abincin ya kai matsayin da ƙarin kwabo 50 a kuɗinsa na yini, daga naira 1.50 zuwa naira 2, ya shiga cikin dalilan boren ɗalibai na Afrilun 1978 da ake kira "Ali Must Go", wanda aka rasa rayuka a cikinsa a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin soja ta janye hannunta daga ciyarwa, kowa ya koma risho da tukunyarsa a ƙarƙashin gado. Daga nan ɗalibai suka ƙirƙiro lissafinsu na sifili da ɗaya: 0-1-0, 1-0-1, 0-0-1, inda kowane sifili ke nufin lokacin cin abincin da aka tsallake. Ba za a ce girkin waccan kafteriya cike yake da ganye ba. Shinkafa da burodi da ƙwai sun yi yawa a ciki. Abin da ta bayar shi ne tsari, musamman karin kumallo a kan lokaci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga hanji. Babban hanji ya fi motsi da safe bayan tashi daga barci da kuma jim kaɗan bayan abinci ya sauka a ciki. Wanda ya tsallake kalaci ya ruga aji ƙarfe takwas ya yi asarar wannan kira, wanda kuma ya ji kiran ya danne shi ya yi asara biyu.

Dannewar nan ita ce inda ɗalibin lafiya ya fi sauran ɗalibai shiga haɗari. A 1990 wasu likitoci a Jamus suka sa maza 12 masu ƙoshin lafiya su riƙa riƙe bayan gida da gangan iya iyawarsu, sai aka ga tafiyar abinci a hanjinsu ta yi nawa. Ma'ana, ana iya koya wa ciki bushewa. Duk tsawon zaman da bayan gida ya yi a babban hanji, ruwansa ake tsotsewa, ya ƙara tauri, fitarsa ta zama azaba, azabar ta sa a ƙara jinkirtawa. Yanzu a dubi yinin ɗalibin da ya shiga shekarun asibiti: zagayen majinyata na safe da ake yi a tsaye bayan babban likita, wanda ba a fita daga cikinsa ba tare da an ja hankali ba, ɗakin tiyata inda aiki ɗaya kan ci sa'o'i, kwanan asibiti, karatun dare da shayi ko kofi. A kan wannan a ɗora ban ɗakin ɗakunan kwana, wanda aka gina don mutum goma yau yake ɗauke da ninkin-ba-ninkin, famfo a bushe, ƙofa babu sakata. Ga Musulmin da tsarki ke gaba da komai a wurinsa, masai marar ruwa kamar babu shi ne. Ɗaliba mace ta fi shan wuya, domin kunya ta hana ta ɗaukar buta ta ratsa jama'a, da yawa kuma sukan rage shan ruwa da gangan don kada buƙata ta taso, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Abin ban takaici, tsugunon da muka gada shi ne yanayin da ya fi sauƙaƙa fitar bayan gida, kamar yadda wani ƙaramin bincike a Isra'ila ya nuna a 2003. Ba a zaman muka yi kuskure ba, ruwan da tsabtar ne muka kasa riƙewa.

Wani zai ce duk wannan dogon tarihi a kan abin da ba ya kisa? Gaskiya ne da wuya ya kashe matashi. Amma ma'aunin da likitocin hanji suka amince da shi, wanda aka sabunta a 2016 da sunan birnin Rum, bai tsaya a ƙidayar kwanaki ba. Ban da zagayawa ƙasa da sau uku a mako, yana lissafa yunƙuri mai tsanani, da taurin bayan gida, da jin cewa ba a gama ba. Nazarin da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2011 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na manya na fama da shi, mata sun fi maza. Mai ɗauke da kumburin ciki na kwana huɗu ba ya jin daɗin abinci, ba ya samun barci mai nauyi, zaman aji na sa'o'i uku yana yi masa tsawo. Yawan yunƙuri na jawo basir da tsagewar dubura. Kuma hanyar tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji mai zuwa da dawowa ce: fargabar jarrabawa na dagula ciki, dagulallen ciki na ƙara ƙunci. Iliminsa ma yakan zama masa tarko. Ya san sunayen magunguna, yana da abokin da ke karatun haɗa magani, don haka ba ya zuwa a duba shi, sai ya rubuta wa kansa. Ya kuma san ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe na ɗaure ciki, haka tiramadol da kodin, wanda Nijeriya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, amma sanin bai cika bin sa har ɗaki ba. Kalmar basir kuwa a bakin Bahaushe ta zama buhu da ake zuba kowane ciwon ciki da na baya da na kasala, har ta kan rufe abin da ya kamata a bincika. Jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko canjin da ya zo farat ɗaya ya ƙi tafiya, na asibiti ne, ko da mai shi yana sanye da farar riga.

Dole kuma a yi wa Burkitt adalci ta ɗaya ɓangaren: ya wuce gona da iri a wasu wurare. Ba kowace bushewar ciki ce harza ke warkarwa ba. Wanda hanjinsa ke da nawar tafiya ta asali, ko wanda tsokar ƙugunsa ba ta sakin jiki yayin yunƙuri, ƙarin dusa na iya ƙara masa kumburi ne kawai. Mutanen ƙauyen da aka auna suna tare da tsutsar ciki da gudawa da yunwa, kuma rashin ganin wata cuta a asibitin mulkin mallaka na iya nufin masu ita ba su iso asibitin ba. Wani likita mai suna Stephen O'Keefe ya nuna a 1999 cewa baƙaƙen Afirka ta Kudu, duk da ƙarancin dajin hanji a cikinsu, cimarsu ba ta kai yawan harzar da ake zato ba, ya karkata ga ƙarancin cin nama. Duk da haka ginshiƙin maganar ya tsaya. Shi dai O'Keefe ɗin, a 2015, ya musanya cima tsakanin baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 na mako biyu kacal, sai alamomin lafiyar hanjin Amurkawan suka gyaru, na 'yan Afirkan suka taɓarɓare. Hukumar Lafiya ta Duniya a yau tana ba manya shawarar aƙalla giram 25 na harza a yini da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Indomi biyu da ƙwai da burodi ba su kama ƙafar wannan ba. Ba a ce a koma turmi ba, matan da suka yi surfe da hannunsu ba su kewarsa. Ana cewa ne abin da turmi ya bari a hatsi ba da niyya ba, yanzu sai an mayar da shi da niyya.

Nan ne nasihar da aka saba yi, ta a ci ganye a sha ruwa a motsa jiki, take gazawa. Daidai ce, amma tana magana da ɗalibi kamar shi ya zaɓi halin da yake ciki. Wake da zogale da dankalin Hausa ba su fi ƙarfin aljihunsa sosai ba. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne sa'a guda da rabi ta dafa wake, da gas ɗin da za ta ci, alhali ledar indomi na nuna cikin minti biyar. Ruwan famfo ba shi ke kawo shi ba, jadawalin da ya hana shi rabin sa'a da safe ba shi ya zana shi ba. Masu garau-garau da ɗanwake da kwaɗo da ke bakin ƙofar makaranta sun fi kantunan cikinta amfani ga hanjinsa, kuma ba su rumfa mai tsabta kusa da asibitin koyarwa ba zai ci kasafin kuɗi ba. Hukumar jami'o'i ta ƙasa da majalisar da ke kula da likitoci sukan turo tawaga ta ƙidaya gadajen asibiti da malamai da littattafan laburare kafin su amince wa tsangaya ta yaye likitoci. Ya kamata tawagar ta ƙara da zagayawa bayan ɗakunan kwana da bayan ɗakunan jinya, ta ƙidaya ban ɗakin da ke da ƙofa da ruwa, ta rubuta adadin a rahotonta.